Kunnen bakaniken tarakta

Da kaka tsohuwar tarakta ba ta samun hutu a karkarar Tsafe da Bungudu. Da safe ta jawo tirelar itacen girki zuwa Gusau, da yamma a ɗaura mata injin casar masara. Yawancin irin waɗannan taraktoci Massey Ferguson ne masu injin Perkins, sai ragowar Fiat da Steyr da aka taɓa haɗawa a Kano da Bauchi. Ba su da kwamfutar da za ta faɗi ciwonsu, sau da yawa ma agogon mai da na zafi sun daɗe da mutuwa. Sai a dogara da kunnen bakanike, kuma a ganina duk gareji babu gwanintar da ta kai wannan.

Gwani ba ya gaggawar ɗaukar sufana. "Bar ta a silo," zai ce wa direba, ya yi shiru, can ya ce, "Ƙara wuta." So yake ya gane ko ƙarar daga injin take ko daga aikin da aka ɗora masa. In ta ɗauke da zarar an tsayar da sandar baya, wadda ke juyi 540 a minti tana tuƙa injin casa, to gaɓar sandar ce ta ci. In sai an taka kuloci take fitowa, boris ɗinsa ne. Shewa ta fanbel ce. Kuka mai tsini lokacin ɗaga garma kuwa famfon haidirolik ne ke zuƙar iska, ko mai ya yi ƙasa ko matata ta toshe.

Inda ake gane oga shi ne wajen bugu. Yakan dafa bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, yana bi daga sama zuwa ƙasa. Ƙas-ƙas marar nauyi daga sama tafet ne, saiti kawai yake so, ana iya ƙarasa aikin yini. Bugu mai kauri daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an loda wa inji, shi ne abin tsoro. Sai ya riƙa sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya har ya kai silindar da in ta daina cin gas bugun ke laushi. Duk da haka bai yanke hukunci ba, don nozul mai ɗiga ma tana sa bugu. Sai ya musanya ta da ta wata silinda: in ƙarar ta bi nozul, an huta, in ta tsaya inda take, ya tsiyayo baƙin mai ya murza a yatsa cikin rana. Da ya ga ƙyalƙyalin ƙarfe, ya san metal ɗin karanshaf ya cinye.

Nan ne zai ɗaga murya a kashe inji nan take, ko da masara na tsakiyar casa, ko da mai tarakta na roƙon a lallaɓa zuwa magariba. In an ji maganarsa, wataƙila sabon metal da baƙin mai sun wadatar. In an ƙi, sai an kai karanshaf wurin masu gogewa, wani lokaci ma sandar fistin ta karye ta fasa bulok, taraktar ta ƙare kakar a kan duwatsu.