Wai daji suka shiga

Jama'a, yau dai sai na faɗa, ko da za ku ce tsufa ne ya fara kama ni.

Ranar Asabar ina zaune gindin ɗorawa a gonarmu ta gado a ƙasar Minjibir, sai na ji ƙugi kamar an tayar da injin niƙa biyar a lokaci ɗaya. Samari ne shida daga birni, kowa a kan babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, kai cikin hular kwano, ido cikin baƙin gilashi, na gabansu ya maƙala waya a tsinin sanda yana ɗaukarsu. Hanya ba ta ishe su ba. Suka sauka cikin kunyoyin da ƙanin mahaifina ya yi kwana uku yana huɗawa, gyaɗa ta fara leƙo kai, suka yi zagaye biyu suka wuce. Da daddare wani ɗana ya nuna mini bidiyon a TikTok, an sa kiɗa, an rubuta a ƙasa wai sun shiga daji.

Daji! A Minjibir?

Ku da kuka san ƙasar nan ku faɗa mini: daga Ungogo zuwa Gezawa, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, ina taku goma da za ka yi ba ka taka gonar wani ba? Tun shekarun 1960 Baturen nan Michael Mortimore ya zo ya yi nazarin karkarar Kano, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne gonakin da ake nomawa kowace shekara ba a barinsu su huta, ana ciyar da su da takin da jakuna ke kwasowa a mangala. Yau mutane sun ninka, gado ya tsattsaga gonakin. Layin gambar da kake gani iyaka ce, an sha zaman sulhu a kanta. Gawon da ke tsakiyar fili da mai shi, ɗorawa da mai ita, har karan dawa da harawa an san na wane ne. Sai yaro ya zo daga unguwar Nasarawa ya ga kore shar ya ce Allah ya ba shi filin wasa.

Na san inda suka samo abin. Sun ga 'yan yawon buɗe ido a rairayin Dubai, sun ga masu zagaya tsibirin Zanzibar a 'yan motocin da ba su da ƙofa, kai da kanka ka riƙe sitiyari, ba direba. To ai rairayin Dubai ba wanda ya shuka gero a cikinsa. Kuma ko can ɗin, da jagora a gaba da hanyar da aka yarje a bi. Namu sun kwaso hular da gilashin, sun baro jagoran a can.

Wannan rashin ɗan rakiyar shi ya fi ci mini rai. A da ma 'yan birni na fitowa kilisa. Amma doki ba ya hana ka jin sallama. Mahayi zai ja linzami ya ce sannunku da aiki, a ce masa bi ta burtali, kada ka ratsa nan, an yi shuka. Wannan kuwa ƙarar injin ta toshe kunne, hula ta rufe fuska, ba ka san ɗan wane ba ne balle ka kai ƙara gidansu. Baffan nawa ya bi su da ido ya ce, "Ɗana, da saniya ce ta yi mini haka, da yanzu muna gaban dagaci ana ƙiyasta ɓarna." Gaskiyarsa. Bafulatani shanunsa su ci kunya biyu, sai ya biya. Mai taya huɗu ya tattake goma, abin da ya rage mana ƙura ce da bidiyo.

Za ku ce suna kawo ciniki. E, sun sha fura, sun sayi rake, mai shayi ya samu. Naira nawa ke nan a kan buhun gyaɗa?

Kada dai in yi ƙarya, abin da daɗi. Bara da rani wani abokina ya ba ni irin babur ɗin na hau a bakin madatsar ruwan Wasai, na murɗa, iska ta cika mini riga, na dawo ina dariya kamar yaron da aka saya wa kayan Sallah. Yaran ƙauyenmu ma in sun ji ƙugin, gudu suke su je kallo, wasu har da yin nasu na kara da gwangwani. Ban hana kowa nishaɗi ba, musamman wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 har yanzu yake da kuɗin ƙona fetur don wasa. Allah ya ƙara buɗi.

Amma ku zo bayan kaka, in an kwashe amfani, dabbobi sun gama kiwon gonaki. Ku tsaya ƙofar mai unguwa ku yi sallama, ku ɗauki yaro ɗaya ku ba shi na goro ya nuna muku inda ake bi. Ku rage gudu kusa da rijiya da makarantar allo. In kuma za ku ɗora bidiyon, don Allah ku rubuta sunan garin, ku daina ce wa gonar baffana daji.