Gwanintar Ɗan Agaji: Yadda Hidima Ke Koya wa Yaro Shugabanci

Duk wanda ya san Wudil ya san ranar Juma'a ba ranar wasa ba ce. Tun da sassafe manyan motoci ke jere a bakin Kara suna jiran lodin shanu, fatake na sauka daga Kano da Gaya da Birnin Kudu, mutanen Ɗankaza da Utai da Darki da Lajawa na shigowa a kan babura, wasu uku-uku har da kaya. Ga babban titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa gari, ga gada, ga kogi a ƙarƙashinta, ga masallatan da za su cika maƙil kafin liman ya hau mumbari. A irin wannan rana, in tsautsayi ya gitta mota ta kaɗe mai babur, kafin ƙiftawa da Bismillah jama'a sun yi dafifi. Kowa na salati, kowa na ba da umarni. Wani ya ɗebo ruwa zai ɗura wa wanda ya suma, wani ya kama hannu zai ja shi gefe, wani kuma ya zaro waya yana ɗauka. Tausayi kam akwai shi. Abin da ke ƙaranci shi ne mutum guda da ya san abin da za a fara yi, ya kuma iya sa wasu su yi shi.

Sau da yawa wannan mutum matashi ne sanye da kakin agaji, ko ɗan sikawut mai ƙyalle a wuya, wanda gemu ma bai gama fito masa ba. Ina ganin aikinsa gwaninta ce ta gaske, mai ƙa'ida da tsari kamar kowace sana'a, kuma ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau.

Abu na farko da horarren ɗan agaji ke yi yakan ba mutane haushi: ba ya rugawa kan wanda ya ji ciwo. Sai ya fara duban titi. Motar da ke tafe ba ta san an yi hatsari ba, kuma hatsari na biyu yakan fi na farko muni domin yanzu mutane ne cike da kwalta. Don haka zai tura mutum biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, su yi nisa su tsai da motoci. Ka lura da yadda yake tura su. Ba zai ce "jama'a a taimaka" ba, domin kiran da aka yi wa kowa ba wanda ke jin shi ake nufi. Zai dubi mutum ido da ido ya ce, "Malam, kai mai shuɗiyar riga, don Allah tsaya can ka tare mana motoci." Ya juya ga wani: "Yayana, kira 122, jami'an kiyaye haɗurra, ka ce musu kusa da gada, mutum ɗaya, yana zubar da jini." Ya ce da dattijon da ke kusa, "Baba, a taimaka a matsar mana da mutane ya sha iska." Dattijon da aka girmama aka kuma ba shi aiki, shi zai fi kowa iya korar taro, domin maganarsa ake ji. Cikin minti guda 'yan kallo sun koma ma'aikata, kuma ba wanda ya ji an raina shi. Shugabancin kenan tun kafin a taɓa majinyaci.

Sannan ya durƙusa. Yana magana? Yana numfashi? In jini na kwarara, sai a sa tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, a riƙe, ba a ɗagawa ana leƙe. In tsumman ya jiƙe sai a ɗora wani a kansa. Ba a zuba ƙasa ko toka ko man birki a kan rauni, duk da yadda wasu suka yi imani da hakan. Wanda ya suma ba a ba shi ruwa, domin ruwan zai iya bin hanyar numfashi ya shaƙe shi. In yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ko harshe ya toshe masa maƙogwaro. In kuwa ana zargin wuya ko gadon baya ya taɓu, to a nan ne ake gane wanda ya ƙware: zai dafe kan da hannu biyu, ya hana kowa ɗaga shi, sai an samo katako ko ƙyauren ƙofa, mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi lokaci guda bisa ƙirgen mutum ɗaya. Cicciɓar gaggawa da aka yi da kyakkyawar niyya tana iya mayar da mai karaya gurgu har ƙarshen rayuwarsa. Hana mutanen kirki yin abin da suke gani taimako ne, ba tare da an yi faɗa ba, ya fi ɗaure bandeji wuya nesa ba kusa ba.

Mutanen bakin kogi kuma suna da nasu darasin. Ɗan agaji ya san wanda ruwa ke ci ba ya cikin hankalinsa, duk abin da ya kama zai danna shi ƙasa, shi ya sa ake yawan rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Ana koya masa ya fara miƙa gora ko sanda, in ba ta kai ba ya jefa jarka wofi da aka ɗaure da igiya, in ya gagara a tura kwalekwale. Faɗawa ruwa shi ne zaɓin ƙarshe, kuma na gwanin iyo ne kaɗai. Ko ƙullin igiyar ma akwai iliminsa: wanda za a zura wa mutum a ƙirji dole ya zama ƙullin da ba ya zargewa, in ba haka ba ceto ya koma shaƙa.

To ina yaro ke samun natsuwar yin duk wannan a gaban manya? Amsar tana cikin wata dabara da ta haura shekara ɗari. A 1907 wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, ya kwashi yara kusan ashirin ya kai su zango a tsibirin Brownsea, ya raba su ƙananan rukunai, ya naɗa wa kowane rukuni jagora daga cikinsu. Daga nan harkar sikawut ta samo asali, ta kuma iso Nijeriya a 1915. Har gobe ginshiƙinta shi ne rukunin nan na yara shida zuwa takwas. Jagoransu sa'ansu ne. Shi zai raba aiki: wa zai ɗebo ruwa, wa zai hura wuta, wa zai kafa tanti, wa zai yi gadi. In tuwo ya yi ɗanye, ba malami ne zai gyara ba, haka za su ci, gobe su san yadda za su yi. Babban aikin malamin shi ne ya iya danne zuciyarsa ya bar yaro ya yi kuskure a inda kuskure ba ya kisa. Koyarwa kuwa hawa huɗu ce: ka yi masa bayani, ka yi a gabansa, ka tsaya kusa ya yi da hannunsa, sannan ka ja da baya ka bar shi. Hawa na huɗun ne ke gagarar yawancinmu manya.

A Amurka an ƙara wa wannan tsari wani mataki da ya burge ni ƙwarai. A shekarar 1915, a wani sansanin sikawut da ke tsibirin Treasure kusa da Filadelfiya, E. Urner Goodman da Carroll Edson suka kafa ƙungiyar karramawa da ake kira Order of the Arrow, mai alamar kibiya. Ba a sayen shiga cikinta, kuma malami ba ya naɗa wanda ya ga dama. Yaro sai ya kai wani matsayi a sikawut, ya kwana goma sha biyar a zango cikin shekara biyu, sannan 'yan'uwansa na runduna su kaɗa ƙuri'a, har da waɗanda su kansu ba 'yan ƙungiyar ba ne. Wato waɗanda suka kwana da kai a daji, suka ga ko kana zillewa in an zo wankin tukunya, su ne masu cewa ka cancanta. Wanda aka zaɓa kuma ba kujera ake ba shi ba. Abin da ke jiransa shi ne kwana shi kaɗai a fili, yini guda ba magana, abinci ɗan kaɗan, da aikin ƙarfi na gyaran sansani. Daga nan ƙofofi ke buɗe masa: tarukan horon shugabanci, aikin gyaran hanyoyin daji a manyan sansanoni, da riƙe muƙamai. Shugabannin ƙungiyar tun daga reshe har matakin ƙasa matasa ne 'yan ƙasa da shekara 21, manya masu ba da shawara ne kawai. A 2008 dubban 'ya'yanta suka fita aikin sa-kai a gandayen daji biyar na ƙasar. Ladan hidima a wurinsu shi ne a ƙara maka wata hidimar.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Ƙauyukanmu sun daɗe da Sarkin Samari da fadawansa, masu tara matasa in za a yi gayya, ko gyaran hanya bayan damina, ko yaɓen masallaci, ko yashe rijiya. A gonar gayya ba a ɓoye rago. Ga kunya a gabanka, ga ganga na tashi, ga kowa na kallo, kuma samari sun san wanda ya gama tasa ya juyo ya kama wa na baya. Irin wannan ne suke yarda ya shige musu gaba. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché da ta hau a 1974 ta ɗauki wannan tsohon tsari na Samariya ta mai da shi ƙungiyar matasa ta ƙasa, aka riƙa gina azuzuwa da tsabtace garuruwa da shi. A Nijeriya kuma akwai Man O' War, wadda ta samo suna daga gaɓar tekun Kamaru inda Alec Dickson ya fara horon a 1951, yau kuma tsaunukan Shere na Jos na cikin wuraren da ake kai matasa su koyi juriya da aiki tare.

Amma a ƙasar Kano, makarantar da ta fi kowace yaye irin waɗannan matasa ita ce ta 'yan agajin ƙungiyoyin addini: na Jama'atu Nasril Islam da Sardauna Ahmadu Bello ya assasa a 1962, na Fityanul Islam da aka kafa a Kano a 1963, na Izala da aka kafa a Jos a 1978, da sauransu. Su ne a filin Idi, su ne a wurin tafsiri da Mauludi, su ne a sansanin alhazai suna ɗaukar wa tsofaffi jaka, su ne a maƙabarta. Kula da taro kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Ƙwararren kwamanda yakan je fili tun jajibiri, ya ga ta ina za a shiga, ta ina za a fita, domin haɗari ba lokacin shiga yake ba, lokacin da aka sallame kowa ke son fita a tare ne. Zai ware hanyar mata da yara, ya hana ajiye babura a bakin ƙofa, ya tsayar da wuri guda da za a kai yaron da ya ɓata, ya bar layi a buɗe ko da za a fita da mara lafiya. In turereniya ta fara, ba a tare ta daga gaba inda aka matse; ana zagayawa baya ne a tsai da masu tahowa, sai gaban ya saki da kansa. Ranar da aka yi aikin daidai, ba wanda zai san an yi wani aiki. Mutane su koma gida su ci tuwon Sallah, yaran nan kuwa suna can suna naɗe igiya a rana, ba ko sisi.

Saboda ƙaunar da nake wa aikin ne zan faɗi inda nake ganin gyara. A wasu rassa fareti ya cinye lokacin koyon taimakon gaggawa, har ka sami yaro ya iya sara wa kwamanda amma bai san yadda ake tsai da jini ba. Wani kuma da ya sa kaki sai murya ta canza, ya ɗaga wa sa'an mahaifinsa sanda. Wanda ya kai ga ɗaga sanda ya riga ya rasa taron. Haka nan muƙami yakan tafi ga wanda ya fi kusa da shugaba, alhali yaran sun fi kowa sanin wanda ke zuwa farko ya tafi ƙarshe. 'Yan mata ma an bar su a baya a horon, bayan kuwa a ɓangaren mata na kowane taro mace ce kaɗai za ta iya duba wadda ta faɗi ba tare da jinkiri ba.

Wudil na da abin da ƙananan hukumomi da yawa ba su da shi: ga jami'ar kimiyya da fasaha, ga makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, ga ma'aikatan lafiya, ga masunta da suka san kogin ciki da bai. Kirana ga shugabannin agaji na Ɗankaza da sauran mazaɓun Wudil shi ne su ajiye bambancin ƙungiya su haɗa yaransu horo guda ko da sau ɗaya a shekara, kafin damina ta kankama, su gayyato waɗannan masana su koyar. Su bar kowane rukuni ya zaɓi jagoransa da kansa, a kuma karrama wanda 'yan'uwansa suka nuna a gaban mai gari da iyayensa. Shugabannin makarantu su farfaɗo da sikawut inda ya mutu. Ku kuma iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta nemi izinin shiga agaji, ku binciki wanda zai horar da su, in kun gamsu ku sa musu albarka ku bar su su je.