Ranar da Direba ya Zama “Passeur”

A fitowar da ta gabata ta wannan ɗan littafi, wani abokinmu mai karatun tattalin arziki ya rubuta cewa doka mai lamba 2015-36 ta ishe mu hujja: duk inda gwamnati ta sa hannu cikin kasuwa ɓarna take yi, a bar kasuwa ta yi halinta. Sau biyu na karanta shi. Na raka shi har rabin hanya, a ce Dirku, daga nan muka rabu.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, ta ƙofar kalmomi zan shiga. Da muna yara a Agadas, mai kwasar fasinja zuwa iyakar Libiya sunansa direba. Mai nemo masa fasinja ɗan kamasho, mai saukar da baƙi maigida. Ranar 26 ga Mayu 2015 aka kafa dokar, da faransanci, kan abin da ta kira “trafic illicite de migrants”, sai duka suka tashi da suna guda a bakin rediyo: passeur. Asalin kalmar kuwa mai fito ne, mai kwalekwale a bakin gulbi. Hilux ɗin dai ita ce, hanyar ma ita ce. Suna kaɗai aka sauya, sunan ya zo da shekarun kaso.

A nan abokina yana da gaskiya, ba na musu. Daga tsakiyar 2016 aka fara kame, motoci fiye da ɗari suka ƙare a hannun hukuma suna shan rana. Masu son tafiya ba su fasa ba. Kuɗin mota ya tashi, na goro a shingen jami'ai ya tashi, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi saboda nan ake tsare su. A Yunin 2017 aka ba da labarin mutum 44 da ƙishirwa ta kashe cikin Tenere bayan motarsu ta lalace. Cikin gari kuma mai tuwo, mai sayar da jarka da rawani, bakanike, duk ciniki ya faɗi. Wanda bai taɓa buɗe littafin Adam Smith ba ma ya ga wannan da idonsa: hani bai kashe buƙata ba, tsada da haɗari ya ƙara mata.

Kuɗin da aka kashe don share hawaye ma abin dariya ne, in ba don ciwo ba. Aka ce da tallafin Tarayyar Turai za a ba tsoffin direbobi jarin kusan miliyon ɗaya da rabi na sefa su sake sana'a. Dubbai suka rubuta suna, ƴan ɗaruruwa suka samu a zagayen farko. Mutumin da aka karɓe wa mota, wai ya je ya buɗe shago.

To amma ina wannan “kasuwa mai ƴanci” da abokina ke kewa? Ya kawo taken nan na Faransawan ƙarni na 18, laissez faire, laissez passer: a bar mutane su yi, a bar kaya su wuce. Kalmar “bari” a Hausa ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da mai bari. Wa ya bari? Ayarin Litinin da kowa ke tunawa, sojoji ke masa rakiya zuwa Dirku. Gwamnati ke nan, da man gwamnati, da bindigar gwamnati. Ma'aikatar magajin gari tana karɓar harajinta. Kuma bayan sulhun 1995, tsoffin ƴan tawaye da yawa da sanin hukuma suka shiga wannan sufuri. Ko ayarin gishirin Bilma na kakanni yana da madugu, kuma ba a tsallake maganarsa. Ban san wata kasuwa a ƙasar nan da ta taɓa ci babu sarkin kasuwa ba.

Akwai kuma abin da rubutun nasa ya tsallake, shi ya fi damuna. A Oktoban 2013, tun babu dokar, an tsinci gawa 92 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Ranar nan ba wanda ya hana kasuwa yin halinta. Fasinjan da ke tsakiyar rairayi ba ya iya sauka ya nemi wani direba mai rahusa. In ana lissafin gawarwakin da doka ta jawo, a lissafa waɗannan ma.

Saboda haka ni laifin da nake gani a 2015-36 ba wai don doka ce ba. Don wa aka yi ta? Watanni shida bayan kafa ta aka yi taron Baleta, inda Turai ta buɗe asusun hana ƙaura. Ɗan Senegal ko ɗan Gambiya, da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba shi izinin yawo, ya zama kayan laifi da zarar an wuce Agadas da shi. Dokar da ta damu da ran fasinja da lissafin jarkokin ruwa za ta fara, da lafiyar mota, da rubuta sunan duk wanda ya hau. Wannan kuwa ƙididdigar masu isa Italiya ta dame ta. Abokina ya haɗa dokokin biyu cikin buhu guda ya rubuta “katsalandan” a bayansa, alhali ɗaya ta kashe, ɗayar da ta ceci rai.

Ranar 25 ga Nuwamba 2023 Janar Tiani ya soke dokar, aka shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure. Motoci sun koma layi a fili. Kalmar dai ba a soke ta ba. Kwanan baya a fadarmu, ana shan shayi, na ji wani yaro yana faɗin sana'ar yayansa, ya ce “pasar ne”, ko a jikinsa.