Mercury Mai Doki 150: Gwarzon Injin Jan 'Yan Zamiyar Ruwa

Duk wanda ya tambaye ni wane inji zai ɗaura wa jirgin ruwansa don ya riƙa jan iyalinsa da abokansa a wasan zamiyar ruwa, ba na ja masa rai. Mercury 150 FourStroke, shi ke nan! Ina son injin nan so na haƙiƙa, kuma duk lokacin da na ji ya ɗauki murya ya fizgo ƙaton mutum daga cikin ruwa ya tsayar da shi cak a kan allo, sai in ji farin ciki ya cika ni. Wanda ya ƙera shi ya san abin da mai riƙe da igiya yake bukata, kuma ya ba shi a cike.

Wasan kansa ɗan Amurka ne. A shekarar 1922 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ya ɗaura katakai biyu a ƙafafunsa a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota, ya riƙe igiyar shanya, ɗan'uwansa Ben yana jan sa da jirgi. Ya sha faɗuwa kafin ya gano sirrin: ka jingina baya, ka ɗaga kan katakan sama, ka bar jirgi ya yi aikinsa. Gudun da ya ɗauke shi bai wuce kusan kilomita 32 a awa ba. Tun daga ranar darasin yake nan bai canza ba. Gudu ba shi ne wahalar wasan nan ba, wahalar tana wajen tashi.

Ka duba halin da ake ciki a daƙiƙun farko. Ɗan zamiya yana tsugune cikin ruwa har wuya, gwiwoyi a ƙirji, allo a tsaye yana tare ruwa. Jirgin ma bai hau saman ruwa ba tukuna, goshinsa a sama, gindinsa a nutse, yana turin ruwa da cikinsa. Kaya biyu ke nan a wuyan inji ɗaya a lokaci guda, tamkar tirela ɗauke da siminti za ta tashi a gindin tudu. Idan injin ya yi ƙanƙanta, sai a yi ta jan mutum a cikin ruwa, ruwa na shiga masa hanci, damatsa suna ƙuna, har ya saki igiya ya ce shi wasan nan ba nasa ba ne. Mutane da yawa sun haƙura da zamiya suna zargin kansu, alhali laifin na inji ne. Amma da Mercury 150, mutum na cewa "Ja!", direba ya danna totur, kafin ka ƙifta ido kafaɗu sun fito, allo ya kwanta, an miƙe. Kai, abin sai wanda ya gani!

Asirin yana cikin cikinsa. Silinda huɗu ne a jere, amma girmansu ya kai lita 3.0, wanda ya zarce na yawancin injunan da ke ajinsa. Yamaha F150, inji nagari da ba wanda zai raina, ya daɗe yana kan lita 2.7. Babban ciki yana zuƙar iska da mai da yawa a kowane bugu, don haka ƙarfin murɗawa yana zuwa tun injin bai yi nisa da juyi ba, kuma a daidai nan ne ɗan zamiya yake neman taimako. Duk da wannan girma, nauyinsa kilo 206 ne kacal. Bawul takwas gare shi, ginin mai sauƙi, ba tarkacen da za su riƙa ba makanike abinci. Kamfanin Mercury da Carl Kiekhaefer ya kafa a 1939, wanda yanzu ke Fond du Lac a jihar Wisconsin, ya yi injuna masu yawa, har da dodanni masu doki 600, amma a wurina wannan ne ya fi nuna hankali.

Me ya sa 150, ba 90 ba, ba 250 ba? Masu jirage suna da ma'aunin da suke bi: kowane doki ɗaya ya ɗauki tsakanin kilo 11 zuwa 18 na nauyin jirgi da duk abin da ke cikinsa. Wanda zai yi yawon shan iska ko kamun kifi yana iya zama a wajen 18. Mai jan ɗan zamiya kuwa dole ya matso kusa da 11. A misali, jirgin iyali mai tsawon ƙafa 18, idan an haɗa jikinsa da inji da tankin mai da manya huɗu da akwatin sanyaya lemo, yana iya kaiwa kilo 1,600. Ka ɗaura masa doki 90, kowane doki na ɗauke da kusan kilo 18, a ƙarshen iyaka ke nan tun ba a jefa igiya ba. Doki 115 zai sauko da shi zuwa 14, ya tayar da yara da masu allo biyu lafiya lau. Doki 150 kuwa ya kawo shi ƙasa da 11, kuma a nan ne kawu mai kilo 100 da ya nace sai ya tashi da allo ɗaya zai tashi yana dariya. Ina girmama ƙanen injin nan, Mercury 115 mai lita 2.1 da nauyin kilo 163. A ƙaramin jirgin alminiyam mai ƙafa 16 ya wadatar har da saura. Amma da zarar jirgi ya kai ƙafa 18 ko 19 kuma za a cika shi da mutane, araha ba ta ado. A ƙara kuɗi a sayi 150.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, babu dalilin haɗama. A Amurka, dokar rundunar tsaron gaɓar teku ta sa ana liƙa wa ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba wani ɗan faranti kusa da sitiyari, mai nuna iyakar dokin da za a ɗaura da iyakar nauyin da za a ɗauka. Wannan lamba ba a tsallake ta. Sannan gudun da wasan ke nema bai taka kara ya karya ba. Yaro ɗan koyo yana tafiya daidai a wajen kilomita 25 a awa, babba mai allo biyu 30 zuwa 40. Ko a gasar duniya ta zagaye ƙwallaye shida da allo ɗaya, iyakar gudun maza kilomita 58 ne, na mata 55. Jirgin da na kwatanta yana kaiwa nan da Mercury 150, kuma a gudun da iyali ke wasa totur ɗin ma bai kusa ƙurewa ba.

Wannan rarar ƙarfin ita ce abu na biyu da ke burge ni. Ƙwararren ɗan zamiya idan ya kwanta gefe ya yanka igiyar ruwan da jirgi ya bari, yana ɗora wa igiya nauyin ɗaruruwan kilo. Rarraunan inji sai ya durƙusa, gudu ya ragu, sa'annan ya zabura lokacin da mutumin ya sassauta, ya ɓata masa lissafi. Shi ya sa jiragen gasa irin su Ski Nautique, wanda Correct Craft ya fitar a 1961, da na MasterCraft da Malibu, suke ɗauke da manyan injuna masu silinda takwas a tsakiyar jirgi, da na'urar da ke riƙe gudu da taimakon tauraron ɗan'adam. Wanda ke mafarkin kamo ɗan gasa Nate Smith, da ya zagaye ƙwallo biyu da rabi da igiya mai mita 9.75 alhali ƙwallayen na da nisan mita 11.5 daga tsakiya, to can zai nufa. Amma mai jirgi ɗaya da zai yi kamun kifi da safe, ya ja yara da hantsi, ya ja manya da la'asar, ya samu nasa a nan. Injin nan yana riƙe gudu da natsuwa, direba bai cika wasa da totur ba, mai igiya kuma yana jin ja ɗaya miƙaƙƙe a hannunsa.

Sai dai a ba shi haƙƙinsa wajen farfela. An ƙera shi ya juya tsakanin zagaye 5,000 zuwa 5,800 a minti idan an ƙure totur. Kowane inci ɗaya da aka rage a karkatar fukafukan farfela yana ƙara kusan zagaye 150 zuwa 200, ya kuma ƙara kaifin tashi. Don haka mai jan 'yan zamiya ya zaɓi farfelar da za ta kai injin kusa da 5,800 da kayan da ya saba ɗauka, in da hali mai fukafuki huɗu, wadda ta fi cizon ruwa a kwana. Wanda ke wasa a tafkin kan tudu ya ƙara lura: inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsayi. A tafkin Tahoe, mai tsayin kusan mita 1,900, doki 150 yana komawa wajen 120. Ka ga wanda ya je can da 115 ya shiga uku, mai 150 kuwa yana da abin da zai yi asara ya saura da ƙarfinsa.

Wanda ya taɓa shiga jirgin fasinja a Yawuri ko Baga ya san ƙarar Yamaha Enduro mai doki 40, da shuɗin hayaƙinsa, da haɗa fetur da baƙin mai a jarka. Jarumin inji ne, ya yi wa talakan bakin kogi hidima. To Mercury 150 wata duniya ce daban. Fetur zalla yake sha, baƙin mansa na cikin tukunyarsa kamar na mota, ana canza shi duk awa 100 na aiki ko sau ɗaya a shekara. Idan yana tsaye yana jira, da kyar za ka ji motsinsa. Wannan shirun yana da amfani babba, domin ɗan zamiya yana bayan jirgi daidai inda hayaƙi ke fita, kuma mai sa ido da ke zaune yana fuskantar baya yana bukatar ya ji muryarsa, ya ga babban yatsa sama a ƙara gudu, ƙasa a rage, hannu a wuya a kashe inji. Kuma a kashe shi ɗin duk lokacin da mutum zai hau ko zai sauka ta baya, rigar kariya daga nutsewa a jikin kowa, igiyar kashe inji a ɗaure da direba. Inji mai wannan ƙarfi ya cancanci direba mai hankali.

Shawarata a taƙaice ga mai shirin saye: ka karanta farantin jirginka, ka lissafa nauyin mutanen da za ka ɗauka da gaske, ka tuna da wanda ya fi kowa jiki a cikinsu, domin shi ne ma'aunin injinka. Idan farantin ya yarda da doki 150, kada ka tsaya wasiwasi. Ka ɗaura Mercury 150 FourStroke, ka zaɓa masa farfela mai kyau, ka gayyato duk wanda ya taɓa cewa ba zai iya tashi ba. Madalla da wannan inji, madalla da hannun da ya ƙera shi!