Ƙorafin Masu Karatu a kan *The Silent Wife*

Littafin nan na marigayiya A. S. A. Harrison, 'yar Kanada, ya fito a 2013. Masu karatu da yawa suka ce wai tafiyar hawainiya yake yi, kuma tsakanin Jodi da Todd babu na so. A ganina ƙorafin bai kama ba. Sun zo ne da ɗanɗanon *Gone Girl* a baki, suna jira a ruɗe su, alhali tun babin farko an faɗa Jodi za ta yi kisa. Abin dubawa shi ne shirunta na shekara 20: ta san Todd yana neman mata, ta kau da kai, har ya yi wa 'yar abokinsa ciki. Sa'an nan ta tarar, tun da ba a ɗaura musu aure ba, dokar Illinois ba ta ba ta ko ɗaki ba.