Ɗan Kwangila a Adabinmu: Mun Ga Babbar Riga, Ba Mu Ga Fayil Ba

Kusan duk mai karanta ƙagaggun labaran Hausa ya san Alhajin nan. Yakan shigo labari da mota mai baƙin gilashi, ya ga yarinya, ya aika da kuɗi gidan iyayenta, ya raba ta da saurayinta talaka. In marubuci ya so ya gaya mana inda dukiyar ta fito, kalmomi kaɗan sun ishe shi: ɗan kwangila ne. Daga nan an rufe zancen. Ba za mu ji aikin me aka ba shi ba, wa ya sa hannu, nawa aka biya, an yi aikin ko ba a yi ba. Kwangila ta zama lamba kawai da ake manna wa mutum don mai karatu ya gane cewa kuɗinsa ba su da tsarki. Wannan giɓin muke so mu duba, kuma za mu auna shi da ƙaramar hukuma guda, wato Ajingi.

Ajingi tana gabashin jihar Kano, maƙwabciyar Gaya, ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 44 na jihar. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 174,137, mafi yawansu manoma, a mazaɓu goma irin su Toranke, Balare, Chula da Kunkurawa. A irin wannan wuri kwangila ba gadar sama ba ce. Kwalbati ce a bakin rafi, rijiyar burtsatse, ajujuwa biyu a firamare, rufin ɗakin shan magani, ko cikon hanyar da motar hatsi za ta bi ranar kasuwa. Ƙananan ayyuka ne a takarda, amma in an rage siminti a kwalbati, ruwan farko na damina zai tafi da ita, mai naƙuda kuma za ta yi zagaye a kan babur kafin ta kai asibiti. Ga labari nan a kwance, da mai laifi, da wanda aka cuta, da shaidu. Abin mamaki shi ne yadda alƙalumanmu suke tsallake shi.

Bari mu bi takardar, tunda labaranmu ba sa bin ta. A ƙa'ida, aiki yakan shiga kasafin kuɗi, sashen ayyuka ya yi kiyasi, a nemi masu sha'awa su kawo farashinsu, kwamiti ya zaɓi wanda ya cancanta, a ba shi kuɗin kafin alƙalami. In ya gama, injiniya ya je ya duba, ya sa hannu a takardar shaidar kammala aiki, sannan ma'aji ya biya. Kowane mataki a nan mutum ne mai iyali, mai bashi, mai ubangida a siyasa. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin sakatariyar gaba ɗaya. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin Ajingi da takwarorinta suke biyowa. Wanda ke riƙe da asusu shi ke da ta cewa. Sau da yawa an gama yanke shawarar babban aiki a Kano kafin ciyaman ko kantoma ya ga fayil ɗin.

Misalin da kowa ya sani shi ne titunan kilomita biyar-biyar da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ɗauko a zangonta na biyu, 2011 zuwa 2015, a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Da yawa ba a kammala su ba har gwamnatin ta sauka. Suka zama dutsen jifa tsakanin Kwankwasiyya da Gandujiyya, har gwamnatin Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka lokacin da aka fara su, ta hau a 2023 ta koma kansu. Fiye da shekara goma ke nan mutanen garuruwa da dama suna rayuwa a gefen aiki rabi da rabi. Yaron da aka haifa ranar da aka kawo katafila ya shiga sakandare. Ina littafin da ya ba mu wannan yaron?

Ba za mu ce adabin Hausa bai taɓa kallon dukiyar haram ido da ido ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982 cikin littattafan da suka yi nasara a gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya, ya yi abin da muke nema a wani fagen daban. Ya ɗauki fasa ƙwauri, ya nuna cewa Alhaji Gabatari ba shi kaɗai yake cin karensa ba babbaka ba, akwai ma'aikata da 'yan kore da masu rufa asiri da suke riƙe da shi. Mai karatu yana fita daga littafin da sanin yadda harkar take tafiya. Tura Ta Kai Bango, na marubucin dai, ya kai wannan ido fagen siyasar jam'iyyu. Wannan hanya ce da aka buɗe tun farkon shekarun 1980, sai dai masu bin ta sun yi ƙaranci.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, sai kotun labari ta koma cikin gida. Wannan ba aibu ba ne a kansa, don a nan ne marubuta mata suka faɗi gaskiyar da aka daɗe ana dannewa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya tsaya a kan Alhaji Abdu, ɗan kasuwar da ya kori Rabi da 'ya'yanta, daga baya gobara ta cinye dukiyarsa. A wannan littafin hukuncin ya dace da laifin, kuma marubuciyar ba ta bar mu da daɗin baki ba, tunda Rabi ce aka sake ɗora wa nauyinsa. Matsalar ta taso ne da aka mayar da wannan tsari ma'aunin kowane irin laifi. Ɗan kwangilar labaranmu yakan gamu da haɗarin mota, ko shanyewar ɓarin jiki, ko karayar arziki, ya yi nadama a gadon asibiti. Kwalbatin da ya ci kuɗinta tana nan a rushe, injiniyan da ya sa hannu yana nan a ofis, kuma labarin bai ma san da su ba. Darasin da mai karatu yake ɗauka shi ne cewa satar dukiyar jama'a mugun halin mutum ɗaya ne, maganinta kuma a zauna a jira sakayya. Sakayyar Allah gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa al'umma nauyin tambaya ba.

Kwana Casa'in, shirin da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ya matsa gaba sosai. Ya ƙirƙiri Alfawa, ya zuba mata gwamna Bawa Maikada da 'yan jarida da asibitin gwamnati da ya lalace, ya nuna yadda ake sayen baki da yadda ake tsoratar da mai gaskiya. Ya kuma koya wa marubuta dabara mai amfani: sunan gari na ƙirƙira yana ba ka damar faɗin abin da ba za ka iya faɗa da sunan gaskiya ba. Sai dai idon shirin yana kan gidan gwamnati, inda ake maganar manyan kuɗi da manyan mutane. Ɓarnar da ta fi taɓa mutumin Gafasa ko Gurduba tana faruwa ne a ƙaramin ofis mai fanka ɗaya, a kan kuɗin da ba za su taɓa shiga kanun labarai ba.

Marubutan Afirka ta Yamma da suka rubuta da Turanci sun nuna cewa wannan ƙaramin ofis yana ɗaukar babban labari. A littafin The Beautyful Ones Are Not Yet Born na Ayi Kwei Armah, ɗan Ghana, wanda ya fito a 1968, jarumin ƙaramin ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Wani ɗan kasuwar katako ya zo ya ba shi cin hanci don a sama masa tarago, ya ƙi karɓa, ya koma gida matarsa ta yi masa gori. Nauyin littafin yana kan wannan gorin: me gaskiya take jawo wa mutum a gidansa? Chinua Achebe kuma, a A Man of the People na 1966, ya ba mu minista Cif Nanga yana matsa lamba a zuba wa wata hanya kwalta saboda ya yi odar motocin safa da za su bi ta. Da wannan bayani ɗaya mai karatu ya fahimci yadda ake zaɓen aikin da za a yi da wanda za a bari.

Za a iya cewa ƙagaggen labari ba rahoton mai binciken kuɗi ba ne, kuma masu karatu soyayya suke so, ba lissafin buhunan siminti ba. Abin da ya faru a Kano a 'yan shekarun nan bai goyi bayan wannan ba. A Oktoba 2018, da jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da ta ce gwamna Abdullahi Umar Ganduje ne yake karɓar daloli daga 'yan kwangila, zargin da ya musanta, babu majalisar da ba a yi zancen ba. A Agusta 2024 kuma, maganar kwangilar sayen magunguna da kuɗin ƙananan hukumomin Kano ta tashi, gwamna ya ce ba da saninsa aka yi ba, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta shiga bincike. Bidiyoyin barkwanci na Ɗan Bello, waɗanda yake karanto takardu da alƙaluma da Hausa, suna cikin abin da ya kai zancen wayar kowa. Jama'a sun saurara, sun riƙe lambobin. Ke nan ƙishirwar tana nan. Abin da bidiyon minti uku ba zai iya ba shi ne ya zauna da mutum ɗaya tsawon shafi ɗari biyu, ya nuna yadda mai kunya yake zama mai sa hannu a kan ƙarya. Wannan aikin marubuci ne.

Lokaci ma ya ƙara wa maganar nauyi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Duk ranar da hukuncin ya zauna da gindinsa, sakatariya irin ta Ajingi za ta zama wurin da ake yanke shawarar kuɗi masu yawa, kuma mai sa ido na farko shi ne mutumin gari. In bai san bambancin kiyasi da biya ba, bai san wa ke sa hannu a shaidar kammala aiki ba, to an dai sauya wa ɓarna mazauni ne kawai.

Don haka muna roƙon marubutanmu su sauko da ɗan kwangila daga motarsa su bi shi wurin aiki. Za su tarar ba kullum ne Alhaji mai babbar riga ba. Wani lokaci magini ne da ya sayi takardar aikin daga hannun ɗan siyasar da aka ba ita ladan kamfe, ya ci bashin siminti da rodi a kasuwa, ya yi shekara yana sintiri a sakatariya ba a biya shi ba, har ya fara lissafin inda zai rage. Za su tarar da injiniyar da aka kawo wa takarda ta sa hannu alhali ta ga tsagar da ke jikin ginin, da ma'ajin da ya rage masa wata shida ya yi ritaya, da kansilan da mahaifiyarsa take ɗiban ruwa a rijiyar da aka ce an gyara. A sa musu soyayya da kishi da aure, duk za su ɗauka. A dai bar fayil ɗin a kan tebur, inda mai karatu zai gan shi.