Hujja ko Hadda: Sharhi a kan Rubutun Falsafa na Ɗaliban Digirin Farko

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba irin maƙalar da ɗalibin digirin farko kan rubuta a darasin falsafa, tare da auna ta da ayyukan magabata a fannin. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa darajar irin wannan rubutu tana ga hujjar da aka kafa, domin jero sunayen masana bai isa ya zama falsafa ba.

Matsalar

Idan aka tambayi ɗalibi, mene ne sani, galibi yakan fara da tarihin Aflatun, ya kawo ma'anoni uku ko huɗu daga littattafai, sa'annan ya rufe da cewa kowane masani da ra'ayinsa. Wannan hadda ce kawai, don kuwa mai karatu zai kai ƙarshe bai san matsayin marubucin ba. Laifin kuma ba na ɗalibi kaɗai ba ne, tun da malami yakan ba da maki ne gwargwadon abin da aka maido masa daga laccarsa.

Misalai Biyu

A shekarar 1963 Edmund Gettier ya buga wata maƙala mai shafi uku a mujallar Analysis. Ya ɗauki ma'anar nan da ke cewa sani shi ne yarda da abin da yake gaskiya bisa dalili, ya kawo misalai biyu inda sharuɗɗan uku suka cika amma sanin bai tabbata ba. Bertrand Russell ya riga shi kawo makamancin haka a 1948: mutum ya dubi agogon da ya tsaya, aka yi dace lokacin da yake nunawa daidai ne. Ya faɗi gaskiya, yana kuma da madogara, amma sa'a ce ta taimake shi. Darasin a nan shi ne taƙaita magana a kan da'awa ɗaya da gwada ta da misali.

Sai dai maƙalar Gettier ba ta wadatar a matsayin abin koyi, domin bai tsaya amsa sukar da za a iya yi masa ba. A nan ne Tahafutul Falasifa na Imam Gazali, wanda ya kammala a 1095, ya fi amfani. A cikin mas'aloli 20 da ya tattauna, yakan shimfiɗa hujjar abokan jayayyarsa tukuna, ya soke ta, ya kuma hango martanin da za su mayar ya amsa shi. Ibn Rushdi ma da ya zo yi masa raddi wajen 1180, sai da ya riƙa kawo maganarsa gaɓa-gaɓa kafin ya warware ta.

Kammalawa

Bisa ga wannan, ana ba da shawarar a riƙa neman abubuwa huɗu a kowace maƙala: matsayin ɗalibi a sakin layi na farko, dalilansa a jere, suka mafi ƙarfi da za a iya yi masa, da amsarsa. Ya kamata kuma mafi yawan maki ya koma kan biyun ƙarshe. Da yawa daga ɗaliban nan malamai za su zama, kuma wanda aka yaye a kan hadda, ita zai shayar da na bayansa.